Ban-haƙurin Hajiya Damata

Shekara tara Halima Sa'adiya tana aikin tafinta daga gidanta a unguwar Mount Hope, can ƙasar Turawa, hawa na biyar, a wani ɗan lungu tsakanin firij da taga inda ta kafa tebur. Aikin duk na waya ne. Likita, ko ma'aikacin kotu, ko malamar makaranta, in suka yi karo da Bahaushen da Turanci ya gagara, sai su buga lambar kamfanin da take wa aiki, kamfani ya turo mata kiran. Ba ta ganin kowa, ba mai ganinta. Su kansu masu kamfanin ba su san fuskarta ba, don tafintocinsu sun kusa dubu, kowa da lambarsa.

Ƙa'idar aikin guda ce, kuma Halima ta riƙe ta gam: ba ƙari, ba ragi. In mara lafiya ya ce "cikina na ciwo", ita ma "cikina na ciwo" za ta ce da Turanci. In zagi ya yi, zagin za ta kai wa likita da zafinsa. In kuwa ita kanta ke da magana, sai ta fara cewa "tafinta na magana", don kada a ɗora wa wani abin da bai faɗa ba.

Ranar wata Litinin takarda ta shigo mata ta imel. Kamfanin ya samu babbar kwangila da gwamnatin wata jiha can nesa, jihar kuma tana cikin masu dokar nan da ke cewa mai son aiki da gwamnati sai ya sa hannu cewa ba ya ƙaurace wa kayan Isra'ila, ba kuma zai ƙaurace ba muddin kwangila na tafiya. Kamfani bai tsaya tantancewa ba, ya watsa wa kowa takardar. Wanda bai sa hannu ba zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, za a rufe lambarsa. A ƙasa an rubuta sunan shugabar sashen tafintoci, wata Misis Delgado.

Halima ta karanta sau uku, ta kife wayar a kan tebur. Ita fa ba 'yar zanga-zanga ba ce, ko allo ba ta taɓa ɗagawa a titi ba. Abin da ta sani shi ne Rukaya, Bafalasɗiniya mai tafintar Larabci, wadda suka zauna benci ɗaya lokacin koyon aiki, suka zama aminai. A kicin ɗin Halima Rukaya take zaune ranar da aka kira ta aka ce an rushe gidan yayanta, an tumɓuke zaitun ɗin da kakansu ya dasa. Tun daga ranar Halima ta ce ita dai kuɗinta ba zai je Isra'ila ba. Takan juya kwali ta duba inda aka yi kaya kafin ta saya, ta kuma sa sunanta a wata wasiƙar goyon bayan ƙauracewa da tafintoci suka rubuta a fili. Iyakarta ke nan. Yanzu an ce ta rantse a takarda cewa ba ta yi, ko ta rasa aikin da take riƙe gida da shi. Mijinta Faruƙ, direban motar 'yan makaranta, ya ce duk abin da ta zaɓa yana bayanta, amma ta ga yadda ya daɗe yana kallon silin bayan ya faɗa.

Talata ta sauka Harlem, shagon Hajiya Damata a titi na 116. Hajiya Damata 'yar Maraɗi ce, shekararta sittin da takwas, tana sayar da atamfa da turaren wuta, kuma ita ce uwar ɗakin Halima. A gidanta Halima ta sauka tana amarya, ba ta san ko hanyar jirgin ƙasa ba. Mace ce mai faɗa da kyauta a lokaci guda, za ta balbale ka tana cusa maka abinci a jaka.

"Mi ya same ki kika yi zuru-zuru haka?" Hajiya ta tambaya tana auna wa wata mata yadi.

"Inna, matsala ce a wurin aiki. Wata takarda suka ce in sa hannu, na ƙi. Ran Juma'a za su rufe min lamba."

"Kin ƙi? Ke da patiron ɗinki, mai ba ki aiki?"

Kafin Halima ta buɗe baki ta yi bayani, 'yan sayen anko suka cika shagon da hayaniya. Ta jira, ta gaji, ta yi sallama ta tafi. Hajiya kuwa a ganinta ta riga ta ji duk abin da ake bukatar ji. Yarinya ta saɓa da na gaba da ita, shi ke nan. A inda Hajiya ta tashi ba a zama bin diddigin wa ya fara. Manya ne ke saka manyan kaya su je su ba da haƙuri, a kashe wuta, dalili kuma a bar shi inda yake. Adireshin kamfanin ma bai ba ta wuya ba, don har yau wasu wasiƙunsu gidanta suke zuwa, da yake adireshin can Halima ta ba su tun farko.

Laraba da hantsi Halima na zaune a lungunta, waya ta yi ƙara. Ta saka abin kunne ta faɗi lambarta.

"Tafinta, Misis Delgado ce daga babban ofishinmu," in ji wata murya da Turanci. "Ina da baƙi biyu a nan, dattawa, sun ce Hausa suke ji. Sun zo da kula ta abinci, mai gadi ya rasa yadda zai yi da su."

Halima ta gane sunan nan take. Ta daure ta juya Hausa. "Salamu alaikum, ni ce tafintarku. Duk abin da aka faɗa zan fassara shi yadda yake."

"La ilaha illallahu! Halima? Ke suka ba mu?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Halima ta shige ta ja ƙofa. Muryar Hajiya Damata ce, ga kuma gyaran muryar Alhaji Tsoho a bayanta, telan da ke maƙwabtaka da shagon, wanda ba a zuwa neman aure ko sulhu a layin ba tare da shi ba.

"Tafinta na magana," Halima ta ce da Turanci. "Na san waɗannan mutanen. Kuma ina kyautata zaton maganata ce ta kawo su. Ni ce Halima Sa'adiya, ɗaya daga cikin waɗanda ba su sa hannu a takardarku ba. Ya kamata ki nemi wani tafinta."

Aka ji ƙarar danne-dannen kwamfuta. Misis Delgado ta ce ɗayan mai Hausar ba zai hau layi ba sai yamma, ga shi tsofaffin sun taso tun daga Harlem. In sun yarda, ita ma Halima ta yarda, a ci gaba. Halima ta mayar musu da Hausa.

"Ai ke ce ma daidai," in ji Hajiya. "Amma ki ji ni da kyau, ba da ke nike ba. Ki zama waya kawai. Gaida min da madam."

Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina maigida, ina yara, ina sanyi. Halima na kai kowace ɗaya, Misis Delgado na cewa lafiya, na gode, lafiya, na gode, har muryarta ta fara rawa da dariyar da take dannewa. Sau biyu ta ce don Allah baiwar Allah ta zauna a kujera. Hajiya ta ce nan ma ya ishe ta.

Sannan Hajiya ta sauke murya ta shiga abin da ya kawo ta.

"Madam, haƙuri muka zo ba ki. Halima ɗiyata ce, yarinya ce."

Yarinyar nan shekararta arba'in da ɗaya, da furfura a gefen kunne. Ta faɗa da Turanci: yarinya ce.

"Taurin kai gare ta tun tana amarya, ni na sani, a hannuna ta zauna. Ta yi kuskure. Ta tuba. Tana da ɗiya biyu a makaranta, mijinta ba mai ƙarfi ba ne. Ki dubi Allah ki dubi furfurarmu."

Halima ta kai, jimla bayan jimla, tana jin kowace kamar tana haɗiyar tsakuwa. Haushi ya kama ta, kunya ta kama ta, ga tausayi kuma, don ta san wannan matar ko mai gidan haya ba ta taɓa roƙa ba.

"Ko mi kuka ce ta sa ma hannu, za ta sa. Ni na ɗaukar mata alkawari."

Nan ne Halima ta tsaya. Wa zai sani in ta ce "za ta sake dubawa"? Misis Delgado ba ta jin Hausa, Turancin Hajiya kuwa bai wuce na farashi da canji ba, Alhaji Tsoho ma iyakarsa inci da yadi. Kalma biyu kawai za ta lanƙwasa, ta tsira da mutuncinta. Ta runtse ido, ta dafe tebur.

"Duk abin da kuka ce ta sa wa hannu, za ta sa," ta faɗa da Turanci, a fili, ba inda-inda. "Ni na ɗaukar mata alkawari."

Misis Delgado ta tambaya ko baƙin sun san abin da takardar ta ƙunsa.

"Mu ba tone-tone ya kawo mu ba," in ji Alhaji Tsoho, karon farko da ya sa baki. "A wurinmu in an zo ban-haƙuri ba a tambayar mafari."

Misis Delgado ta ce ta fahimta, amma ba za ta karɓi alkawari a kan takardar da mai alkawarin bai ji ba. Ta karanta musu, layi uku ne kacal. Halima ta mayar da Hausa, ba ta sa gishiri ba, ba ta rage ba: mai sa hannu ya tabbatar ba ya ƙaurace wa kayan Isra'ila da kamfanoninta, ba kuma zai yi ba har kwangila ta ƙare.

"Sake hwaɗa min," in ji Hajiya.

Aka sake.

"To tsaya. Aikinta ne ya ɓaci? Ta taɓa yi muku ƙarya a waya? Ta zagi wani likita?"

Misis Delgado ta duba, ta ce a shekara tara ko ƙorafi ɗaya ba a taɓa kawowa a kanta ba.

"Ashe ba laihin aiki ba ne. Abin da take saye ta kai kicin ɗinta ne kuke so ta rantse a kai?"

Misis Delgado ta ce ba ita ta yi dokar ba, ta waccan jihar ce. Masu dokar suna ganin ƙauracewar wariya ce, gwamnati kuma tana da ikon zaɓar wanda za ta yi hulɗa da shi. Wasu sun kai ƙara, kotuna ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Kai, ranar Misis Delgado ta ji Hausar Maraɗi da ɗuminta. Muryar ban-haƙuri ta tafi, muryar shago ta dawo.

"Madam, shekara ashirin da shida ina ciniki a Harlem. Mutum ya shigo shagona ya ɗaga atamfa ya ce shi ba ya sayen ta ƙasa kaza, ya aje ya hita. Ban taɓa ganin ɗan sanda ya bi shi ba. Kuɗinai ne! Kuma ranar da na je jarrabawar zama 'yar ƙasa, da tsufana na zauna na haddace tambayoyinku awa karatun allo. Aka ce in hwaɗi 'yancin da mutum ke da shi a ƙasar nan, na ce 'yancin magana, aka ce na ci. Ku kuka koya min. To yau wanne zan riƙe, na jarrabawa ko na takardar ga?"

Halima na biye da ita da Turanci, numfashi na neman gagararta. Ba ta taɓa jin daɗin fassara irin na wannan minti ɗin ba, ba ta kuma bari daɗin ya fito a muryarta ba.

"Alhaji, kama ni," Hajiya ta ce. Halima ta fassara har wannan, don ƙa'ida ce. Aka ji motsi, da nishi, da ƙarar kujera da aka ture. "Ki gaya ma madam na janye haƙurina. Ban san abin da na zo roƙo ba. Yarinyar ga ba ta yi laihi ba, ni ce na yi da na ce ta tuba. Dambun da muka kawo dai madam ta ci, da zogale ne, mu ba mu maida abinci gida."

Alhaji Tsoho ya yi ta "a'a Hajiya, a yi a hankali", ba wanda ya kula shi.

Da ƙura ta lafa, Misis Delgado ta yi magana a hankali. Ta ce gaskiya lauyan kamfani ne ya ce a tura wa kowa don ya fi sauƙi, ita kuma ba ta tambaya ba. Sannan ta ce, "Halima, ajiye aikin minti ɗaya. Ke me kike so?"

Sai da Halima ta fassara tambayar ga su Hajiya tukuna.

"Tafinta na magana," ta ce. "Ba zan sa hannu ba, don in na sa na yi ƙarya. Ba na neman ki karya doka. Ki cire ni daga kiran waccan jihar, ki bar min sauran. In hakan bai yiwu ba, na gode da shekara tara."

Ta juya ta maimaita maganar tata da Hausa, kalma bayan kalma. Hajiya ta ce, "Madalla." Misis Delgado ta ce ba ta yi alkawari ba, za ta kai maganar sama. Layi ya katse.

Alhamis ta wuce ba labari. Halima ta yi aikinta, kowane kira tana tunanin ko yana cikin na ƙarshe. Ba ta kira Hajiya ba, don ba ta san da wanne za ta fara ba, godiya ko mita. Juma'a ƙarfe huɗu saura saƙo ya shigo. An cire lambarta daga duk kiran waccan jihar. Sauran aikinta na nan, kuma kamfani ya ce daga yanzu takardar ta masu karɓar kiran can ce kawai.

Ta karanta wa Faruƙ a waya, ya yi ta hamdala. Ba nasara ce cikakkiya ba, kada a yi ƙarya. Kusan rabin kiranta daga can yake zuwa, watanni masu zuwa za a ji jiki. Akwai kuma wani tsoho Bazazzagi a can da ake wa wankin ƙoda, duk Talata ita ke raka shi ta waya, yanzu ko sallama ba za su yi ba. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma lambarta na aiki, hannunta kuma bai taɓa takardar ba. Ta yafa mayafi ta nufi jirgin ƙasa.

Ta tarar da shagon ba kowa sai Alhaji Tsoho a bakin ƙofa da tef a wuya. Hajiya na ciki a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafu bisa wani kwalin atamfa, ta naɗe gwiwoyi biyu da tsumma, warin man zafi ya danne na turare.

"Inna, sun bar min aikin. Rabi dai, amma sun bari."

"Rabi? Alhaji, Litinin mu koma!"

"A'a Inna, don Allah, ya isa haka." Halima na dariya tana share ido. "Me ya samu ƙafar?"

"Sanyi ne."

"Wane sanyi?" in ji Alhaji Tsoho daga ƙofa. "Hajiya, ki bari a faɗi gaskiya. Ke Halima ba ki gani ba, kina cikin waya. Tun da muka shiga ofis ɗin nan ta zube gwiwa biyu a ƙasa gaban matar nan. Ga ma'aikata na wucewa suna kallo ta gilashi. Baturiya ta yi ta nuna mata kujera, ta ƙi. Fiye da rabin awa tana durƙushe a kan tayil, da wannan gwiwar da likita ya hana ta ko sujada sai a zaune. Sai da za ta janye haƙurinta sannan ta yarda na ɗaga ta, da ƙyar, ni da mai gadi. Jiya ko shago ba ta iya buɗewa ba."

"Kai dai Alhaji bakinka ba ya riƙe komi," Hajiya ta ce tana hararar sa.

Halima ta dubi gwiwoyin da ke naɗe. Duk maganar da aka yi a ofishin nan ta bi ta bakinta, ba ta yar da ko ɗaya ba, ashe babban abin da aka yi mata a ɗakin bai biyo ta waya ba. Ta ajiye jaka, ta durƙusa a gaban kwalin, ta dafa ƙafafun nan biyu masu kumburi.

"Inna, na gode. Allah ya saka da alheri. Na gode, Inna."

"Tashi, ke! Tashi kar ki ɓata min zane da hawaye." Hajiya ta kai hannu kamar za ta ture ta, sai hannun ya tsaya a kanta ya ƙi ɗaguwa. "Da kin sa hannun nan saboda na ɗaukar miki alkawari, da wane ido zan dube ki?"

Halima ba ta tashi ba. Ta jawo kwalbar man zafin, ta warware tsumman gwiwar dama, ta fara shafawa a hankali.